Godiya ga Malam na ɗakin gwaji

 Malam, aikin bincikenmu ya kammala, sunana ne a bango, naka kuwa yana can ciki da ƙananan haruffa, shi ya sa nake so a ji abin da hannunka ya yi.

Tambayarmu ɗaya ce: idan fatar kare ta yi bororo ta saluɓe, daga wane hawa ta rabu? Tsakanin fatar sama da ta ƙasa akwai siririyar shimfiɗa mai ɗauke da kolajin na 4, kolajin na 7 kuma shi ke ɗaure ta da naman ƙasa. In garkuwar jikin kare ta juya wa na 7, ciwon da aka fi gani a matasan karnukan Great Dane, sai kolajin na 4 ya bi rufin bororon. In rabuwar daga saman shimfiɗar take, sai ya zauna a gindinsa. Wannan layin kolajin na 4 kaɗai ke nuna wa likita inda zai dosa, amma fa sai an gan shi.

Kai ka fito mana da shi. Ka yanka fatar daga kakin farafin, kaurin maikiron 4, ba tare da gashi ya yage ta ba, wanda duk ya taɓa yankan fatar kare ya san ba wasa ba ne. Fomalin kan ƙulle furotin har antibodi ya kasa gane shi. Ka ce a fara jiƙa gilasan da ke ɗauke da yankan fatar da fefsin don ya buɗe furotin ɗin, kana tsaye da agogo a hannu, don in ya wuce lokaci naman ne zai narke.

Sai maganar launi. Rinin DAB ruwan ƙasa ne, baƙin fatar kare ma ruwan ƙasa yake fitowa a madubi. Ka leƙa sau ɗaya ka ce, "Ɗana, wannan ai launin karen ne, ba namu ba." Ka koma jan rini na AEC, ka hana barasa taɓa shi tunda wanke shi take yi. Layin ya fito ja wur a rufin bororo.

Kuma ba ka taɓa yarda a yi rini ba tare da gilashin shaida ba, wanda ba a sa masa antibodi, ko da kwalbar ta kusa ƙarewa, ga tsada.

Na gode, Malam.