Jirgin kwali

Kwali ba ya son ruwa. Kowane yaro ya san haka. In ruwan sama ya daki kwalin sukari ko na sabulu, sai ya yi laushi, ya yage a hannu. Amma duk da haka akwai ɗaliban da ke yin kwalekwale da kwali, su shiga ciki, su yi tsere bisa tabki.

Wannan gasa ta yi suna ne daga ƙasar Amurka, a wani gari da ake kira Karbondel, cikin jihar Ilinoyi. A shekarar 1974, wani malamin jami'ar garin mai suna Richard Archer ya ba ɗalibansa wani aiki. Ya ce su ƙera jirgin kwali wanda zai ɗauki mutum, ya yi tafiyar yadi 200, wato wajen mita 183, bisa tabkin jami'ar. Abin ya ƙayatar da jama'a. Aka riƙa yin gasar shekara-shekara, har ta bazu zuwa wasu garuruwa da makarantu.

Da kwali ake yin jikin jirgin. Ana haɗa shi da gam, a liƙe bakunansa, a shafa mashi fenti. Masu tuƙi suna sa rigar da ke hana nutsewa, kowa da filafilinsa. Wanda ya riga isa shi ya ci. Akwai kuma kyautar da ake ba jirgin da nutsewarsa ta fi ba ƴan kallo mamaki da dariya. Sunanta kyautar Titanik, don tunawa da babban jirgin nan da ya nutse a teku a 1912.

To, yaya kwali ke ɗaukar mutum? Amsar ta daɗe a duniya. Fiye da shekara 2200 da suka wuce, wani masani Bagirke mai suna Arshimed, mutumin birnin Sirakus, ya gano ta. Duk abin da aka sa cikin ruwa yana ture ruwa gefe don ya samu wuri. Ruwan kuma yana tura shi sama da ƙarfi daidai da nauyin ruwan da ya ture. Ku tuna, litar ruwa 1 nauyinta kilo 1 ne.

Mu yi lissafi tare. Ga jirgi mai siffar akwati, tsawonsa mita 2, faɗinsa santimita 50. In gindinsa ya shiga ruwa da santimita 1, ya ture lita 10, wato ya ɗauki kilo 10. Yara biyu sun shiga, kowane kilo 35. Jirgin kansa kilo 10 ne. Jimla kilo 80 ke nan. Saboda haka jirgin zai shiga ruwa da santimita 8 kawai. In bangonsa ya kai santimita 30, da sauran rata mai yawa.

Me ya sa wasu jiragen ke nutsewa? Ku yaga guntun kwali ku duba. Za ku ga takarda shimfiɗaɗɗa sama da ƙasa, a tsakiya kuma wata mai lanƙwashe-lanƙwashe. Ta tsakiyar ce ke ba shi ƙarfi. Ta bakin da aka yanka ruwa ya fi saurin shiga. In ya shiga, gam ya saki, jirgi ya lotsa. Shi ya sa masu dabara ke toshe kowane baki, su ruɓanya gindin jirgi.

Aikina shi ne horar da malamai da ba su shawara. Na ga azuzuwa da yawa inda yara suka hardace yadda ake lissafin cikin akwati, amma in aka miƙa masu akwati na gaske sai su tsaya suna kallo. Don haka nakan sa malamai su yi ƙaramar gasar jirgin kwali cikin babban daro. Kowane rukuni ya auna, ya yanka, ya liƙe, ya goga kyandir a jikin jirginsa. Kafin a sa shi a ruwa, sai su rubuta nauyin da suke zaton zai ɗauka. Sannan a riƙa ɗora ƙullin rairayi na giram 100, ɗaya bayan ɗaya.

Sau da yawa dogon siririn jirgi mai kyaun gani shi ke fara kifewa. Mai faɗin gindi, wanda aka raina, shi ke daurewa. Ba na bari a yi wa masu jirgin da ya nutse ihu. Mukan tsamo shi, mu nemi inda ruwa ya shiga. Wanda ya gano dalili ya samu ilimin da ba zai manta ba, kuma jirginsa na biyu yakan fi na fari.

Ku ma kuna iyawa. Ku roƙi malaminku ku gwada a aji. Ku yi ɗan jirgi mai tsawon santimita 20, faɗin santimita 10, bango santimita 5. Cikinsa lita 1 ne, saboda haka ba zai ɗauki abin da ya kai kilo 1 ba. Ƙulli nawa zai ɗauka kafin ruwa ya kai bakinsa? Ku rubuta amsarku tukuna, sannan ku gwada.

Amma ga gargaɗi. A cikin daro za ku yi gasarku. Kada wani ya shiga kwali ya hau gulbi, ko tabki, ko kududdufin damina. Ruwa ba sa'an yaro ba ne.