Daga Lambun Bakau Zuwa Kicin Ɗin Otal

Idan kika sauka Gambiya tsakanin Nuwamba da Afrilu, za ki tarar da bakin teku cike da Turawa 'yan yawon buɗe ido, da yawansu daga Ingila da Holan, sun gudo wa sanyin ƙasarsu. Otal-otal a jere suke daga Kotu har Kololi, kuma kowanne sai ya ciyar da baƙinsa safe da dare.

Ni dai ranar da ta fi tsaya mini a rai ita ce wadda na yi sammako zuwa lambun mata da ke gefen garin Bakau. Tun rana ba ta ɗaga ba mata suke jan ruwa daga rijiya, wasu da goyo, suna shayar da fangalin latas da kabeji da tumatir. Tazarar lambun da otal-otal tafiyar 'yan mintuna ce a mota. Amma a kasuwar Serekunda na ga buhunan albasa da dankalin Turawa da aka yo oda daga Holan. To me ke hana kayan matan nan shiga kicin ɗin da ke kusa da su?

Amsar tana cikin yadda otal ke sayayya. Kuku yana son tumatir masu girma ɗaya, adadi kaza, kowane mako ba fashi, a kai masa da sassafe, kuɗin kuma sau da yawa sai daga baya. Mai fangali biyar ba za ta iya wannan alkawari ita kaɗai ba, ga kuɗin makaranta ba ya jira. Kuma da yake kusan lokaci ɗaya kowa ke shuka, lokaci ɗaya kaya ke nuna, farashi ya karye, abin da ya kwana ya ruɓe. Wadda ta san yadda kwandon tumatir ke zubewa a Kadawa lokacin kakarsa ta san wannan ciwon.

Wannan giɓi ne shirin Gambia is Good ya shigo ya cike a 2004, da haɗin gwiwar ƙungiyar Concern Universal da kamfanin noma na Haygrove daga Ingila. Sun koya wa manoma, galibinsu mata, su rarraba lokacin shuka don kaya su riƙa nuna bi da bi. A wancan lokacin suna bi da mota su saya, su tantance, masu kyan su tafi otal da gidajen abinci a farashi mai tsoka, sauran su shiga kasuwa. Manomiya ta huta da yawon neman mai saya, kuku ya huta da fargabar za a kawo ko ba za a kawo ba.

Da dare na ci abinci a Kololi, na tsura wa latas ɗin da ke farantina ido, na tambayi mai hidima daga ina yake. Sai da ya leƙa kicin ya tambayo. Tun daga ranar na mai da wannan tambaya al'ada duk inda na sauka.

Uwargida, idan ƙungiyarku ta mata na noman rani, kuma akwai otal ko gidan abinci kusa da ku, ku fara da zuwa ku tambayi kuku me yake saya kowane mako, nawa, kuma yaushe yake biya, kafin ku zuba iri.