Shafin ma'aikata: a hannun wa makullin yake?

Jama'a, ku gwada wani abu idan kun samu sarari. Ku buɗe shafukan intanet na ma'aikatu goma, na tarayya ko na jiha. Za ku tarar da wanda labarinsa na ƙarshe shi ne bikin ƙaddamar da shafin, da wanda har yanzu hoton kwamishinan da ya sauka tuntuni ne a gaba, da wanda ma ba ya buɗuwa sam. Mutane kan ce lalacin ma'aikata ne. Ni da nake ciki, na ga yawanci matsalar tana farawa ne tun ranar da aka zaɓi manhajar da za a gina shafin a kanta, da kuma wanda aka bar wa makullinta.

Ga wanda bai sani ba, manhajar sarrafa shafi ita ce ke ba jami'in yaɗa labarai damar shiga da kalmar sirri, ya rubuta sanarwa, ya ɗora takarda, ya danna ta fito, ba sai ya iya rubutun injiniyoyin kwamfuta ba.

Kwanan nan aka saka ni a kwamitin sabunta shafin wurin aikinmu. Tayi uku aka kawo mana: ɗaya na WordPress, ɗaya na Drupal, na ukun kuma kamfanin ya ce zai ƙera mana tamu manhajar daga tushe, wadda babu mai irinta. Na ukun nan shi ya fi burge manya, don hotunansa sun fi kyau. Shi kuma na fi tsoro.

Dalilina shi ne, manhajar da mutum ɗaya ya ƙera, shi kaɗai ya san cikinta. Ran da kwangila ta ƙare, ko kuɗinsa ya maƙale a ofishin akanta, ko yaron da ya rubuta ta ya samu aiki a waje, shi ke nan. Na taɓa zama a ofishin da sai an buga wa ɗan kwangila waya kafin a ɗora sanarwa mai layi biyar, shi kuma ya ce sai an biya shi bashin bara. Gida naka, makulli a aljihun magini. Wa ya taɓa yarda da haka a unguwarsu?

WordPress da Drupal duk kyauta ne, kuma a buɗe suke, kowa na iya duba yadda aka gina su. WordPress ta fito a 2003, yau fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kanta suke. Amfanin wannan a wurinmu shi ne ko a Kano ko Kaduna ko Sakkwato ba za ka rasa matashin da ya iya ta ba. Drupal ta fi ƙarfi wajen tsara wa zai rubuta, wa zai duba, wa zai amince kafin a wallafa, shi ya sa gwamnatoci irin ta Ostireliya suka rungume ta. Sai dai masu iya ta ba su da yawa a nan, kuma suna da tsada. Fadar White House ta Amurka ta hau Drupal a 2009, daga baya ta koma WordPress a 2017. Kun ga ke nan ba addini ba ne, kowa da buƙatarsa.

Amma kyauta ba ta nufin babu ɗawainiya. An daina yi wa Drupal 7 gyaran tsaro a ranar 5 ga Janairu, 2025; duk shafin da aka bari a kanta ba kulawa, kamar shago ne da aka tafi aka bar taga a buɗe. WordPress kuma yawancin ɓarakarta daga ƙananan manhajojin da ake maƙala mata take zuwa, musamman idan an tara su barkatai ba a sabuntawa. Mu kuwa a kasafi mun iya sa kuɗin ginawa, kuɗin kulawa ne muke mantawa.

Kada wani ya ce wannan hirar masu kwamfuta ce. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta wajabta wa hukumomi su riƙa wallafa bayanansu ba sai an roƙa ba. Umarnin Zartarwa na 001 da Osinbajo ya sa wa hannu a Mayun 2017, lokacin yana muƙaddashin shugaban ƙasa, ya ce kowace hukumar tarayya ta sa sharuɗɗa da kuɗin ayyukanta a shafinta. Idan shafi ya mutu, tsoho zai hau mota daga ƙauye don tambayar da waya za ta amsa masa. Mai neman aiki kuma zai faɗa hannun 'yan damfara. Sau nawa Kwastam da hukumar shige da fice suka yi gargaɗi kan shafukan ɗaukar aiki na bogi? Inda gwamnati ta yi shiru, ɓarawo ne ke magana da sunanta.

Abin da na tsaya a kai a kwamiti ke nan. Adireshin ya zama na .gov.ng, a yi rajistarsa ta NITDA da sunan ma'aikata, ba da sunan kamfani ba. Babbar kalmar sirri ta zauna a hannun ma'aikata tun ranar farko. A koyar da aƙalla mutum uku, don canjin wurin aiki ba ya sallama. A sa kuɗin kulawa a kasafin kowace shekara. Shafin ya buɗu a ƙaramar waya da ɗan data, kuma ya nuna ƙ da ɗ da ɓ daidai, don mu sa sanarwa da Hausa.

Ni dai WordPress na zaɓa, don aikinmu sanarwa ne da takardu, kuma ita ce 'yan ofishinmu za su iya riƙewa da kansu. Da babbar hukuma ce mai rassa a jihohi 36, da na saurari masu Drupal da kyau. Shawara dai ta tafi sama, muna jira.

'Yan'uwa ma'aikata, ku tambaya gobe a ofis: wa ke riƙe da kalmar sirrin shafinku? Ku dawo ku ba mu labari a nan. Allah Ya sa mu dace.