Masu Jinyar Tsofaffi a Darki

A Darki, cikin Ƙaramar Hukumar Wudil, ba al'ada ba ce a kai tsoho gidan gajiyayyu. Idan ƙarfinsa ya ƙare, 'ya ko suruka ko jika ce ke ɗawainiya da shi, ta dama masa kunu, ta wanke masa tufafi, ta kwana tana sauraren numfashinsa. Babu shakka wannan hali abin yabo ne, sai dai tausayi kaɗai ba ya koya wa mutum jinya. Tsohon da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, in ba a juya shi duk bayan sa'a biyu, gyambo kan fito masa a baya, mai jinya kuwa ta rasa dalili, ta dangana.

A shekarar 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa, a 2021 kuma gwamnati ta amince da manufarta kan tsufa. To, amma dokar da ba a bi ta da kuɗin horo ba, a takarda take tsayawa.

Saboda haka ya kamata hukuma ta ware kuɗi a horar da mata ma'aikatan lafiya, domin su ne al'ada ta yarje wa shiga cikin gida. Su bi gida gida suna koya wa masu jinya awon hawan jini, da abincin mai ciwon sukari, da yadda ake ɗaga majinyaci ba a ji masa ciwo ba. Masu aikin suna nan tuntuni, ilimin kawai suke jira.