Kwana biyu gare mu, wane dutse za mu hau?

Yau ba maganar farashin hatsi ba ce, maganar duwatsu ce. Mu shida ne nan Maraɗi da ke wani wasan motsa jiki da masu faransanci ke ce wa “bulok”, wato hawan ƙananan duwatsu ba tare da igiya ba. Dutsen ba ya wuce mita 4 ko 5. Ana shimfiɗa katifa a ƙasa, mutum guda ya hau, sauran su tsaya hannuwa sama don su tare masa kai da kafaɗu in ya suɓuce. Wasan har ya shiga gasar Olamfik ta Tokiyo a 2021.

To matsalarmu ita ce Maraɗi rairayi ne da gulbi, ba dutse. Dole sai da tafiya, kuma lokacin da aiki ya bar mana daga bayan sallar Juma'a ne zuwa daren Lahadi. Wurare uku munka ajiye gabanmu: Abzin, Dogon Dutsi da Damagaram.

Abzin ba mu daɗe kansa ba. Kowa na son ya ga Bagazam, inda ƙololuwar da ta fi kowace tsawo a Nijar take, mita 2,022. Amma daga Damagaram zuwa Agadas kaɗai ya haura kilomita 400, kuma in ka isa Agadas ba ka isa dutsen ba. Ga neman ɗan jagora, ga batun tsaro. Ƙaramin cikinmu ya nace, sai babbanmu ya ce masa: “Ƙanena, kwana biyun nan cikin mota za su ƙare.” Ya ce: “Gaskiya ne, Yaya.” Munka bar Abzin sai babban hutu.

Dogon Dutsi kuwa ya ja mu gardama sosai, don sunan kansa kira ne. Wanda ya taɓa bin gudron zuwa Yamai ya san yadda jajayen tuddan nan ke tsaye kan garin. Ga tarihi: a yankin ne Lugu take, inda Sarauniya ta tsaya wa rundunar Faransawa a 1899. Sai dai abin da ido ke so daban, abin da yatsa ke iya riƙewa daban. Tuddan can samansu marmara ce, ƙasansu dutsen yashi mai taushi da yumɓu. Irin wannan kana kama shi yana iya ɓantarewa a hannunka, ka faɗo tare da shi, ko ya sauka kan wanda ke tsaye ƙasa yana tare ka. Wanda ba igiya gare shi ba ya dogara da komai sai ƙarfin dutsen. Sannan hanyar, ta Madawa da Ƙwanni, ta kusa kilomita 400. Zuwa wuni, dawowa wuni. Me ya rage?

Saura Damagaram. Daga nan kamar kilomita 235 ne, ta Gazawa da Tasawa. In munka tashi bayan Juma'a, can za mu kwana. Asabar ɗungurungum tamu ce, da safiyar Lahadi. Dutsen can garanit ne, manyan mulmulallu da ke zube tun daga unguwar Birni har bayan gari. Yana da kaushi, takalmi na kama shi, ba ya gutsurewa. Aibinsa guda: yana cin fatar yatsu, wallahi kamar an goga su kan dutsen niƙa. Shi ya sa kwana ɗaya da rabi ma ya isa hannun wanda bai saba ba. Kuma abin da ya fi komai kwantar mana da hankali, in wani ya gurɗe ko ya karye, babban asibiti na cikin gari, ba sai an kwana hanya da mai rauni ba.

Amma fa kada a ɗauka Damagaram ba ta da nata sharuɗɗa. Na farko ruwa. Wannan garanit ɗin da muke yabo shi ne ke ƙarƙashin garin yana hana rijiya ba da ruwa, kowa ya san wahalar da ƴan'uwanmu na can ke sha. Baƙo mai hankali ya zo da jarkarsa, kada ya ɗora wa mai masauki nauyi. Na biyu lokaci. Hunturu ne lokacin wasan, daga Disamba zuwa Fabrairu. Cikin Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, dutsen ya zama kasko, hannu na zufa yana santsi. Da damina ma jiƙaƙƙen dutse ba abin wasa ba ne. Na uku, ramukan dutse gidan wasu ne: kunama, maciji, ƙudan zuma. Ba a cusa hannu inda ido bai leƙa ba.

Na huɗu shi ne wanda munka fi tattaunawa. Duwatsun nan ba a jeji suke ba kowa. Wasu na jingine da gidajen mutane, in ka hau kana kallon tsakar gida ne, inda iyali ke harkarsu. Wasu na da tarihi da al'ada wurin masu unguwa. Wasu kuma wurin neman abincin masu fasa tsakuwa ne. Don haka munka yanke cewa kafin a shimfiɗa katifa sai mun gaida mai unguwa mun faɗi abin da ya kawo mu. In anka ce ga wanda ba a hawa, shi ke nan, mu matsa gaba. Kuma yara za su taru, wannan ba makawa. In sunka ga mun hau, gobe za su gwada, ba katifa, ba mai tarewa. Duk wanda ya je ya yi wasan nan gaban yara, wajibi ne ya nuna musu cewa ba a yinsa mutum ɗaya, kuma a fara duba hanyar sauka kafin a hau.

Mun tsai da Damagaram ke nan, cikin watan Janairu in Allah ya kai mu. Kowa ya san kasonsa na kuɗin esans, katifu biyu za mu ɗaure saman mota. Mutanen Damagaram da Mirya da wajen Gure, ku kunka san duwatsunku fiye da mu: ku gaya mana inda inuwa take da hantsi, da inda bai kamata baƙo ya taka ba. Sai mun ji daga gare ku.