Kifi Mai Sulalla a Tsibirin Mafiya

Tsakanin Oktoba da Fabrairu, masu yawon buɗe ido kan fita cikin kwalekwale daga Kilindoni, babban garin tsibirin Mafiya na Tanzaniya. Sukan sanya tabarau da bututun numfashi, su kwanta rub-da-ciki bisa ruwa, ƙananan kifaye na kai-komo a ƙarƙashinsu. Wanda suke jira shi ne mafi girman kifayen duniya, ɗan dangin shak, wanda manyansa kan haura mita 10, amma ƙananan halittun teku ne abincinsa.

Da Suwahili ana kiransa "papa shillingi", domin fararen ɗigon bayansa sun yi kama da sulalla. Hausa ta san giwan ruwa da tarwaɗa, ba ta raɗa wa wannan suna ba, tunda kogi da tafki ta sani. Sai dai "sule" da "shillingi" tushensu ɗaya.

Sunan kuwa ya bi jiki, don kifin na ciyar da masu kwalekwale muddin yana raye. Tun 2016 aka sanya shi cikin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Idan aka yi masa cincirindo ana taɓa shi, sai ya nutse, sulallan su tafi tare da shi.