Sunayen Ƙarshen Fim: Kada Ka Manta Da Masu Girki

Ɗalibi mai haɗa bidiyo a waya, ga shawara. Fim ɗina na makaranta kan daddawa ne, a ƙauyukan Ɗambatta na ɗauka. A sunayen ƙarshe, matan da suka kwana dafa kalwa na fara sakawa kafin nawa.

A CapCut, ɗora rubutun kan hoton tukunya, ka danna alamar daimon yana ƙasa, ka matsa gaba, ka ja shi sama. Zai riƙa hawa da kansa. Karanta kowane suna sau biyu. In ya tsere maka, rage gudun.

Amma fara tambayarsu, don wata "Maman wane" take so, ba sunan yanka ba. Wadda ba ta karatun boko fa? Ɗora muryarka kana kiran sunayen, ta ji nata.